Lambu a Bokiti da Buhu: Yadda Ake Haɗa Kayan da Hannu a Shuka a Ɗan Fili Cikin Birni

Abu uku tumatir yake nema: wurin da saiwarsa za ta miƙe, ƙasar da ke riƙe danshi ba tare da ta jiƙe sharkaf ba, da rana wadatacciya a kan ganyensa. In waɗannan suka samu, a baranda ne ko saman bene ko gindin katanga, zai yi fure ya zuba 'ya'ya. An gwada an gani. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da taki da man fetur suka yi wuya a Kuba, mutanen Habana sun mayar da kangwaye da filayen da aka watsar zuwa lambuna. A unguwar Kibera ta Nairobi kuwa, inda gida ke manne da gida, a cikin buhu ake noman ganye, buhun yana tsaye a bakin ƙofa.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, a lambun ƙaramin wuri mazubi da ruwa su ne ke yanke hukunci, tun kafin a zo maganar iri. Mazubin nan kuma kusan duk ana iya haɗa shi da hannu: da almakashi, da ƙusa, da igiya, da allura. Rabin daɗin aikin ma a nan yake.

Fara da kallon rana

Kafin ka sayi ko ƙwayar iri ɗaya, ka ware yini guda ka lura da wurin da kake son ajiye shukar. Leƙa da safe, da hantsi, da tsakar rana, da la'asar, ka rubuta sa'ar da rana ke sauka da sa'ar da inuwa ke rufewa. Tumatir, tattasai, barkono, kokwamba da kuɓewa, wato masu yin 'ya'ya, suna son rana ta sa'a 6 zuwa 8. Masu ganye irin su latas, alayyafo, albasa mai lawashi da na'a-na'a suna haƙuri da sa'a 4 ko kusa da haka. Wurin da ke kallon gabas yana samun ranar safe mai taushi, ganye na jin daɗinta. Wanda ke kallon yamma yana shan ranar la'asar, ga katanga ta ɗau zafi tana mayar da shi kan shuka, don haka yana buƙatar ruwa fiye da kima, wani lokaci har da ɗan labulen inuwa.

In a bene kake, ka yi lissafin nauyi. Bokiti mai lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan kai kilo 25 zuwa 30. Goma daga cikinsu a jere ba ƙaramin kaya ba ne. A jera su kusa da bango ko saman ginshiƙi, kada a tara su a bakin baranda, a kuma ɗora su kan bulo ko katako domin ruwa ya wuce ta ƙasa kada ya kwanta ya ci rufin.

Zaɓen mazubi

Zurfi shi ne abin dubawa. Latas da alayyafo da albasa mai lawashi suna rayuwa a zurfin santimita 15 zuwa 20. Karas yana son 25 zuwa 30. Tumatir kuwa gindi ɗaya a bokiti mai lita 20, kada a ƙara masa abokin zama. Tattasai yana iya yi a lita 10 zuwa 15. Sabon shiga yakan ga bokitin ya yi wa ɗan tsiro girma ya cusa uku, bayan wata biyu su taru suna rigimar ruwa, babu wanda ya yi abin kirki.

Ka san abin da mazubin ya taɓa ɗauka. Duk jarkar da ta zuba maganin ƙwari, fenti, baƙin mai ko wani sinadari, a bar ta, wanki ba ya fitar da ita daga zargi. A gindin roba akwai lamba cikin alama mai kusurwa uku. Mai 2 da mai 5 su ne aka saba zuba abinci a ciki, su ne suka fi kwanciyar hankali. Baƙar roba tana ɗaukar zafi har ta dafa saiwa, saboda haka a shafa mata farin fenti ta waje ko a naɗe ta da tsumma. Nan ne mai son zane zai sami abin yi: a goge robar da takardar yashi don fenti ya kama, a yi ado ta waje kaɗai, cikin a bar shi yadda yake.

Kowane mazubi sai an huda gindinsa. A ɗora ƙusa a wuta, a riƙe ta da filaya, a yi huda 6 zuwa 8 masu faɗin fensir, a waje inda iska ke kaɗawa saboda hayaƙin roba. Ana yawan cewa a zuba tsakuwa a ƙasa don ruwa ya tsane. Ba na ba da wannan shawara. Ruwa ba ya saurin tsallakawa daga lallausar ƙasa zuwa tsakuwa, sai ya taru a samanta, daidai inda saiwa take, ga kuma zurfin da aka rage. Ɗan yankin gidan sauro a shimfiɗa kan hudojin ya isa hana ƙasa zubewa.

Bokiti mai lagwani

Wannan shi ne aikin hannun da ya fi biyan wahalarsa, musamman ga mai fita aiki tun safe sai dare. A samu bokiti biyu masu girma ɗaya, waɗanda in an saka ɗaya cikin ɗaya za a bar sarari a ƙasa. Na ciki shi ne na zuba ƙasar shuka, na waje shi ne rumbun ruwa.

A gindin na cikin a yanke rami a tsakiya daidai faɗin ƙaramin kofin roba, yadda kofin zai zura ƙasa bakinsa ya maƙale. A huhhuda kofin ta ko'ina. A kewaye ramin da ƙananan hudoji don iska. Sai a yanke wani rami a gefe wanda bututun roba na zuba ruwa zai bi, a sare ƙarshen bututun a karkace domin kada ya zauna daram a gindi ya toshe. Tsawonsa ya ɗara bakin bokiti kaɗan. Yanzu a saka na ciki a cikin na waje, a duba daidai inda gindinsa ya tsaya, a huda na wajen a gefe ɗan ƙasa da wannan layi. Wannan huda ita ce ke fitar da rarar ruwa, kuma in babu ita, ruwan sama ɗaya zai iya nutsar da saiwa.

A cika kofin da jiƙaƙƙiyar ƙasa a danna ta sosai, sannan a cika bokitin. Ƙasar kofin tana jawo ruwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. A makon farko a riƙa ban ruwa ta sama har saiwa ta kama, daga nan sai ta bututu, ana zubawa har ruwa ya leƙo ta hudar gefe. A ɗaure bakin bututun da gidan sauro, a kuma manna wani a kan hudar, domin sauro na iya ƙyanƙyashewa ya tashi cikin mako guda ko kwana goma a ruwan da ya kwanta.

Jakar shuka, buhu da ragaya

Mai keken ɗinki, ko mai haƙurin ɗinkin hannu, zai iya ɗinka jakar shuka. A samu yadi mai kauri da iska ke ratsawa, irin tsohon wandon jins ko buhun algarara. A yanke da'ira mai faɗin santimita 32, da dogon ƙyalle mai tsawon 97 da tsayin 35. A haɗa bakin ƙyallen biyu ya zama zagaye, a ɗinka da'irar a gindi da layi biyu na zare mai ƙarfi, a kalmashe bakin sama, a sa hannaye biyu waɗanda ɗinkinsu ya sauka ƙasa sosai. Za ta ɗauki kusan lita 20. Amfaninta shi ne, saiwa in ta iso jikin yadi ta haɗu da iska sai ta tsaya ta yi rassa, ba ta nannaɗewa tana zagaye kamar a roba. Aibinta kuwa saurin bushewa.

Lambun buhu ya fi kowanne cin moriyar fili, don ana shuka a samansa da kuma jikinsa. A naɗe bakin babban buhu ƙasa, a zuba ƙasa kamar taƙi ɗaya. A tsaya da gwangwanin da aka cire wa gindi a tsakiya, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye da shi, a zaro gwangwanin sama, a sake cikawa. Haka za a yi ta yi ana warware buhun har a kai baki, sai ga ginshiƙin tsakuwa daga ƙasa har sama. Ta nan ake zuba ruwa ya ratsa ko'ina. A tsattsaga jikin buhun ƙanana, tazarar santimita 15 zuwa 20, layi na biyu ya faɗa tsakanin na farko, a dasa ganye a ciki. Rana tana cin buhun leda, kada a yi tsammanin zai wuce shekara ɗaya ko biyu.

Ragaya kuma don ƙananan tukwane ce, a rataya na'a-na'a ko ɗoɗɗoya a bakin taga. Igiya huɗu, kowace mita biyu, a zura su a zobe a ninka, sun zama takwas. A ƙulle su gaba ɗaya a ƙarƙashin zoben. A sauko santimita 35, a ƙulla su bibbiyu, ƙulli huɗu a layi ɗaya. A ƙara saukowa santimita 8, a ɗauki igiya ɗaya daga wannan ƙulli da ɗaya daga maƙwabcinsa a ƙulla, har a zagaye. A maimaita sau ɗaya, sannan a tattara duka a yi babban ƙulli wanda tukunya za ta zauna a kai. A gwada ƙarfin ƙusar da za a rataya da jiƙaƙƙiyar tukunya, don nauyinta ya fi na busasshiya nesa.

Ƙasa da taki

Ƙasar fili zalla in aka zuba ta a bokiti takan dunƙule ta yi tauri, ruwa ya bi gefe ya fice, saiwa ta rasa iska. Haɗin da nake so shi ne kashi biyu na ƙasa mai kyau, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na abin da zai sassauta ta: buntun shinkafa, ko zaren ɓawon kwakwa, ko yashi mai gwari-gwari. A saman bene a fi ba buntu da zaren kwakwa ƙarfi don rage nauyi. Gwajinsa a hannu yake. Ka jiƙa haɗin ka damƙa: ya dunƙule, amma da ka taɓa shi da yatsa ya wargaje. In ruwa ya tsiyayo ko ya zama curi mai santsi, laka ta yi yawa.

Ka kula da inda ka ɗebo ƙasar. Ta bakin babban titi, ta kusa da garejin gyaran mota, ta jujin da ake ƙona shara da batura, da ta gindin tsohon gini mai ɓarɓashin fenti, duk suna iya ɗauke da gubar dalma. Sai a 2021 aka daina sayar da fetur mai dalma a duniya baki ɗaya, Aljeriya ce ta ƙarshe, kuma dalmar da ta sauka a ƙasa shekaru da dama tana nan ba ta ruɓewa. Ga gidan da ke da yara ƙanana wannan ba abin wasa ba ne.

Takin gida kuma a bokiti mai murfi da hudoji ake yinsa. Ɓawon kayan lambu da ɗanyen ganye kashi ɗaya, busasshen ganye da yagaggen kwali kashi biyu zuwa uku. Ban da nama, ban da mai, ban da kashin kare ko kyanwa. A juya shi duk mako, danshinsa ya zama na tsumman da aka matse. In ya yi wari, ɗanye ya yi yawa, a ƙara busasshe. Cikin wata biyu zuwa uku a yanayin ɗumi zai yi baƙi ya koma ƙanshin ƙasa. Kashin kaji ko na dabbobi ɗanye yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar noman da ba sinadari a Amurka ta sa kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Mafi sauƙi a bar shi ya ruɓe sarai tukuna.

Shuka da dashe

Ga mai farawa, mazubi uku ko huɗu sun isa: ɗaya na latas ko alayyafo, ɗaya na albasa mai lawashi, ɗaya na tumatir ƙanana, don sun fi manya jure wahala. Albasar ma ba sai da iri ba. Gindin da aka yanke mai saiwa in aka dasa zai sake tohowa.

Zurfin rami ya zama ninki biyu zuwa uku na kaurin ƙwayar. Irin latas ƙanƙane ne kuma yana son haske, a barbaɗa shi a danna kawai. Karas, wake, kuɓewa da kokwamba ba sa son a taɓa saiwarsu, a shuka su inda za su zauna. Tumatir da tattasai da kabeji a rene su a kwandon ƙwai na kwali ko kofunan da aka huda, a dasa bayan mako 4 zuwa 6, in sun yi ganyen gaske biyu zuwa huɗu, wato ban da ganye biyun da tsiro ke fara fitowa da su. Mako guda kafin dashe a riƙa fito da su rana kaɗan-kaɗan. A yi dashen da yamma, a riƙe tsiron ta ganye, kada a matse kara. Tumatir a binne shi har kusa da ganyen farko, domin karansa yana fitar da sabuwar saiwa duk inda ƙasa ta rufe.

Sai cire rara. Hannu yakan yi nauyi a nan, amma dole ne. Karas a bar santimita 5 tsakani, latas mai dunƙulewa 20 zuwa 25. A datse na banza da almakashi a gindi, kada a tuge a girgiza na kusa. A rubuta suna da ranar shuka a jikin tsinken katako ko yankin roba a soke a tukunya. Bayan wata guda ba mai tuna wanne ne wanne.

Ban ruwa

Tsoma yatsa har gaɓa ta biyu. In akwai danshi a bari, in ya bushe a ba da ruwa a hankali har ya fito ta gindi. Safiya ta fi, kuma a gindin shuka, ba a kan ganye ba, don jiƙaƙƙen ganye da dare shi ke gayyato cutar fumfuna. Yayyafi sama-sama kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama ta zama raguwa. A lokacin zafi ƙaramar tukunya na iya neman ruwa sau biyu a yini. A rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko buntu kaurin yatsa biyu, ba tare da ya taɓa kara ba. Wannan kaɗai yana rage ƙishin tukunya ƙwarai.

Shukar da ta yi yaushi alhali ƙasarta a jiƙe take, ruwa ne ya yi mata yawa, saiwa ta fara ruɓa. Tumatirin da gindin 'ya'yansa ya yi baƙi ya loɓa kuwa, yawanci ban ruwa ne na yau a cika gobe a manta, wanda ke hana sinadarin kalsiyam isa cikin 'ya'yan. Daidaita ruwan shi ne magani.

Tun da kowane ban ruwa yana wanke abinci daga tukunya, duk mako biyu zuwa uku a ƙara taki cikin tafi ɗaya a saman ƙasa. Mai amfani da takin zamani ya bi awon da ke jikin leda, gara ma ya rage. Sinadarin naitirojin mai yawa a cikin taki yana ba tumatir ganye kore shar, 'ya'ya kuwa kaɗan.

Tallafi, fure da ƙwari

A kafa sanda tun ranar dashe, don soka ta daga baya yana yanke saiwa. Gora uku a ɗaure kansu sama, ko a ja igiya daga ƙusa a bango zuwa bokiti, kokwamba da wake su hau. A ɗaure kara da yankin tsohuwar riga mai taushi, a sakwarkwace, igiyar ta gitta tsakanin kara da sanda.

Furen tumatir yana ɗauke da namiji da mace a wuri ɗaya, girgiza kawai yake so. A bene inda ƙudan zuma ba ya cika zuwa, a ɗan kaɗa sandar da hantsi. Kokwamba furenta biyu ne, macen tana da ɗan ƙaramin ɗa a bayanta. A tsinki namijin a goga a cikinta da safe. In zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, furen tumatir yakan zube, latas kuma ya miƙe ya yi ɗaci; a lokacin a koma kuɓewa da alayyafo, su ba ruwansu.

Ka riƙa juya ganye kana duba bayansa sau biyu a mako. Ƙananan ƙwarin da ke taruwa suna tsotse ruwan ganye, da farin ƙuda, ana kakkaɓe su da feshin ruwa. In sun nace, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa marar ƙarfi a lita ɗaya, ko mililita 5 na man darbejiya da ɗigon sabulu a lita ɗaya, a fesa da yamma, bayan an gwada a ganye biyu an kwana an gani. Farin zane mai faɗi a cikin naman ganyen tumatir alamar tsutsar Tuta absoluta ce, wadda ta fito daga Kudancin Amurka ta shiga Sifaniya a 2006 ta bazu. A cire ganyen nan take a ƙulle a leda, kada a jefa shi cikin taki.

Girbi da zagaye na gaba

Latas da alayyafo a riƙa yankar ganyen waje ana barin zuciya, kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. In ana shuka sabon mazubi duk mako biyu, ganye ba zai yanke ba. Kuɓewa da kokwamba da wake a tsinke su da ƙuruciya. In aka bar ɗaya ya tsufa a jiki, uwar takan rage haihuwa. Mai son ajiye iri ya duba takardar da ya saya: in an rubuta F1, wato irin da aka samar ta hanyar haɗa iri biyu daban, 'ya'yansa ba za su fito kamar uwar ba.

Bayan an gama, a tuge tsohuwar shuka, a juye ƙasar a faranti ko leda, a tsince saiwoyi, a haɗa ta da sabon taki kashi ɗaya cikin uku. Ƙasar da tumatir ya zauna kada a mayar mata da tumatir ko tattasai ko yalo, dangi ɗaya ne kuma cutarsu ɗaya. A ba ta wake ko ganye. In shukar ta mutu ne da cutar yanƙwanewa, a fitar da ƙasar daga lambun gaba ɗaya, a wanke bokitin da sabulu a shanya shi a rana kafin a sake cika shi.